Ku Daina Ɗora wa Iska Laifi

Wai iska ce. To, mun ji, iska ce. Yau kwana 12 ke nan da daren Talatar nan da hadari ya taso daga gabas ya kwantar mana da falwaya huɗu a bakin fadama, kuma duk wanda ya je ofishin masu wuta amsa ɗaya yake dawowa da ita: a yi haƙuri, ikon Allah ne. Jiya kuma da Allah ya sa suka tuna da mu, sai ga yaro a kan babur ya zo rabon takardar kuɗin wuta. Ita takarda dai iska ba ta kayar da ita.

Kun ga hotunan falwayun nan da na sa ranar Laraba, ba sai na maimaita ba. Ku koma ku duba gindin falwayar nan ta katako. Gara ta cinye cikinta tas, da yatsa za ka ɓurma ta. Ta siminti kuwa, ramin da aka kafa ta bai kai ƙugun yaro ba, kuma wayar da ke ɗaure ta da ƙasa ta tsinke tun bara waccan. Iska ta tarar da kaba na rawa ne kawai.

Yaushe iskar farkon damina ta zama baƙuwa a ƙasar Ringim? Kowace shekara, tsakanin Mayu da Yuni, sai ta zo da jar ƙurarta kafin ruwa ya sauka. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san a ɗora dutse a kan kwano, a ɗaure jinka, a tara awaki. Hukumar NiMet ma tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Kowa ya san tana tafe sai masu falwaya, su ne kullum take yi wa ba-zata.

Abin ba shi da wani sirri. Idan waya ta saki ta yi ciki, iska na kaɗawa sai biyu su haɗu, wuta ta yi tartsatsi, layi ya ɗauke daga tasha. Idan ba a sassabe darbejiyar da ke ƙarƙashin waya ba tun da rani, reshe ɗaya ya isa. Idan ruwa ya jiƙa ƙasa, falwayar da ba ta da zurfi sai ta kishingiɗa, ta ja 'yar'uwarta, ita ma ta ja ta gaba. Taransifomar da aka sace mata wayar da ke sauke tsawa cikin ƙasa, aradu ɗaya ta gama da ita. A cikin waɗannan wanne ne ba aikin hannu ba? Gyara waya aikin mutum ne. Sassabe aikin mutum ne. Haƙa rami aikin mutum ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda layinmu yake. Mu a ƙauye hanya ɗaya wuta take biyowa ta zo mana, kamar jelar raƙumi. In ta yanke a wuri guda, duk garuruwan da ke baya sun shiga duhu. Su kuma sun san dabara: su zo su cire jamfa, wato guntuwar wayar da ke haɗa layinmu da sauran, su ware mu, su mayar wa cikin gari wutarsu, shi ke nan an gyara. Mu kuma sai a aiko wa mai unguwa cewa a yi karo-karo. Gida-gida za a bi a tara kuɗin falwaya, da na mota, da na abincin ma'aikata, in an kafa kuma ta zama kayan kamfani. Tun Nuwamban 2013 aka miƙa rabon wuta ga 'yan kasuwa. Wane ɗan kasuwa ne ake gina wa rumfa sannan a zo a sayi kayansa?

Na san masu cewa ai har Amurka guguwa na ɗauke wuta. Sannunku da ilimi. Tasu guguwar sai gudunta ya kai kilomita 119 a awa kafin ma a sa ta a sahun manya, da motoci take tafiya. Tamu ko rumfar mai shayi ba ta ɗaga ba, tana nan a tsaye. Masu cewa matsalar daga sama take, daga babban layi, su ma na ji su. Mun sha duhun Oktoban 2024 lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki ba wuta. Wannan daban. Yanzu wuta na isowa babbar tashar Kumbotso da ke Kano lafiya, tana wucewa, a bakin fadamarmu ta tsaya.

Wallahi ba don fanka nake wannan magana ba, mun saba kwana a waje. Injin niƙa ya koma dizal, kuɗin niƙa ya tashi. Burtsatsen da ke ba unguwa biyu ruwa ya tsaya, yara sun koma rijiyar bayan gari. Mai walda ya rufe shago daidai lokacin da manoma ke kawo garma gyara. Sannan wayar nan tana nan kwance a hanyar da 'yan makarantar allo ke bi. Ranar da wani ya mayar da wuta bisa kuskure fa? Nan ma iska za a ce?

Af, kafin na manta. Darbejiyar da ta faɗi a ƙofar gidan Baffa, kafin azahar an faskare ta an kwashe har da ganye, da za a ɗauki matan unguwarmu aiki da tuni an gyara layi. Kuma wanda ya tsinci kwano uku na garken awakina, masu jan fenti a gefe, na gan su a kan wani ɗaki. Ban faɗi suna ba tukuna.