Fom Mai Tambaya Takwas, da Gidauniyoyinmu na Zariya

Watannin baya sunan wata ƙungiyar 'yan Arewa da ke jihar da nake zaune a Amurka ya fito cikin jerin ƙungiyoyin da hukumar harajin ƙasar, IRS, ta janye wa rangwamen haraji. Mutanen kirki ne. Aikinsu karo-karon jana'iza, hayar zauren sallar idi, da aika kuɗin abinci gida in azumi ya kama. Ba wanda ya ci kwabon kowa, ba kuma wanda ya kai ƙararsu. Abin da ya kayar da su shi ne sun yi shekara uku a jere ba su cike fom ɗin shekara ba. Abin ya yi mini ciwo, amma da na dubi yadda tsarin ya yi aikinsa ba tare da an ga fuskar ko ma'aikaci ɗaya ba, sai hankalina ya koma Zariya, musamman kan gidauniyoyin da ke tsirowa duk lokacin da zaɓe ya ƙarato.

Fom ɗin da suka bari sunansa 990-N. Na ƙananan ƙungiyoyi ne, waɗanda kuɗin da ke shigo musu a shekara bai saba wuce dala 50,000 ba. A intanet ake cike shi, kyauta, kuma abu takwas kacal yake nema: lambar harajin ƙungiya, shekarar da ake magana a kai, suna da adireshi, wani sunan da ake kiranta da shi in akwai, suna da adireshin babban jami'inta, shafinta na intanet in tana da shi, tabbacin cewa kuɗinta bai haura wancan adadi ba, sai kuma ko ta rufe. Ƙungiyar da kuɗin shigarta bai kai dala 200,000 ba, dukiyarta kuma ba ta kai 500,000 ba, 990-EZ take cikewa. Wadda ta wuce nan sai cikakken 990. Wa'adin dukansu ɗaya ne, ranar 15 ga wata na biyar bayan rufe shekarar kuɗi, wato 15 ga Mayu ga mai rufe lissafi a Disamba. Masu manyan fom ɗin suna iya neman ƙarin wata shida da fom 8868, in kuwa suka makara ba izini, tara ce da ake lissafa musu a kan kowace rana.

Dokar soke rangwame bayan shekara uku ta fito ne a 2006, kuma a watan Yuni na 2011 aka fitar da jerin farko, ƙungiyoyi kimanin 275,000 a lokaci guda. Ba a zama da kai, ba a sauraron uzuri, babu ɗaukaka ƙara, domin ita kanta hukumar doka ba ta ba ta ikon janye sokewar ba. Tun 2019 an wajabta mata ta aika wasiƙar gargaɗi bayan shekara ta biyu, kuma a nan mutanenmu ke faɗawa rami. Wasiƙar tana zuwa adireshin da aka bayar tun ranar rajista, sau da yawa gidan tsohon sakatare ne da ya daɗe da yin ƙaura. Sabon shugaba kuma yana ɗauka tunda ba haraji ake biya ba, babu abin da za a cike. Gyaran shi ne a sake neman rangwamen daga tushe, a biya dala 275 ko 600 gwargwadon fom ɗin da ya dace. Ƙaramar ƙungiyar da ta yi haka cikin wata 15 tana iya samun a mayar mata da matsayinta tun daga ranar da aka soke. In ta yi sakaci, masu ba ta sadaka sun rasa ragin harajin da suke samu, ita kuma ana iya bin ta harajin abin da ta tara.

Cikakken 990 shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina. A ciki akwai sunan kowane amintacce da shugaba da abin da aka biya shi, da ma'aikata biyar mafi albashi in sun haura dala 100,000, da 'yan kwangila biyar mafi tsoka. Akwai shafi na musamman da ake bayyana duk cinikin da aka yi da shugaba ko ɗan uwansa, akwai na kuɗin da aka kashe a ƙasashen waje. Jami'in da ya sa hannu yana yi ne bisa rantsuwa. Sannan takardar ba ta gwamnati kaɗai ba ce. Duk wanda ya shiga ofishin ƙungiya ya ce a nuna masa ta shekara uku da suka wuce, dole a nuna masa nan take, ba a tambayarsa ɗan wa ye shi ko wa ya aiko shi. In ta wasiƙa ya nema, kwana 30 ne. Yawancin mutane ma ba sa wahalar zuwa. Za ka ga tsohuwa a ɗakin karatun unguwa, ga tabarau a hanci, ta buɗe shafin ProPublica, wata kafar labarai da ke wallafa waɗannan takardu, tana duba albashin shugaban ƙungiyar da ta aiko mata takardar neman taimako kafin ta rubuta cak na dala ashirin.

A cikin wannan fom akwai tambaya kai tsaye: shin ƙungiyar ta yi wani aiki na goyon baya ko adawa da ɗan takara, a fili ko a fakaice? In amsar e ce, sai a cike wani shafin da ke nuna nawa aka kashe. Amsar tana da nauyi saboda ƙungiyoyin kashi-kashi ne. Masu rajista a sashe na 501(c)(3) na dokar harajin Amurka, wato na sadaka da ilimi da addini, an hana su taɓa yaƙin neman zaɓe kwata-kwata tun 1954, lokacin da Lyndon Johnson yana sanata ya shigar da wannan sharaɗi. Suna iya yi wa jama'a rajistar zaɓe ko shirya muhawarar da aka gayyaci kowa, amma ba sa cewa a zaɓi wane. Wadda ta karya, akwai harajin kashi 10 cikin ɗari na abin da ta kashe, shugaban da ya amince da saninsa shi ma a ɗora masa kashi biyu da rabi, kuma ana iya ƙwace rangwamen. An taɓa yi: wata coci a jihar New York ta sayi shafin jarida ana saura kwana huɗu zaɓen 1992 ta ce kada Kirista ya zaɓi Bill Clinton, aka soke nata a 1995, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000. Masu 501(c)(4), c4 a taƙaice, na jin daɗin al'umma, an yarda su taɓa siyasa muddin ba ita ce babban aikinsu ba. Mai ba su kuɗi ba ya samun ragin haraji, dole su sanar da hukuma kafuwarsu cikin kwana 60 da fom 8976, kuma ana iya ɗora musu harajin kashi 21 saboda abin da suka kashe a siyasa. Wanda siyasa ce sana'arsa tsantsa, sashe na 527 ne gidansa, can kuwa sunan masu bayarwa a fili yake.

Ba zan ɓoye inda tsarin ke yoyo ba. Dokar ta ce aikin c4 ya zama na al'umma zalla, amma ƙa'idar da aka rubuta a 1959 ta sassauta zuwa "mafi yawa", lauyoyi kuma suka fassara shi da cewa ƙasa da rabi ya halatta. Bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2010 a shari'ar Citizens United, wanda ya sakar wa kamfanoni da ƙungiyoyi mara su kashe kuɗi kan zaɓe, manyan kuɗi suka kwarara ta wannan ƙofa, tunda c4 ba ta bayyana wa jama'a masu ba ta kuɗi, kuma tun 2020 ko ita hukumar ba a rubuta mata sunayensu. A 2013 aka gano ma'aikatan IRS suna ware takardun ƙungiyoyi masu kalmomi irin su Tea Party, sunan wata tafiyar 'yan ra'ayin riƙau, a sunansu suna ja musu rai, har muƙaddashin shugaban hukumar ya sauka. Daga nan majalisa ta hana ta fitar da sabuwar ƙa'ida kan siyasar c4. Coci da masallaci kuwa ba a ma wajabta musu cike 990 ba. Duk da haka, ko ƙungiyar da ta ɓoye masu ba ta kuɗi ba ta iya ɓoye nawa ya shigo, nawa ya fita, da su wa ke riƙe da ita.

To, 'yan uwa, ku kun fi ni sanin abin da ke faruwa daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari da Samaru in saura shekara guda zaɓe. Gidauniyar tallafa wa marayu, gidauniyar biyan kuɗin jarrabawa, gasar ƙwallo, buhun shinkafa da hoton mai gida a jiki. Bayan an rantsar da wanda ya ci, a nemi ofishin a tarar an mayar da shi shagon cajin waya. Mutane da yawa suna ɗauka ba mu da doka ne a kan wannan. Muna da ita, har ta fi ta Amurka tsauri a rubuce. Sashe na 221 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu wata ƙungiya, in ba jam'iyya ba, da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ta ba da gudummawa ga asusun jam'iyya ko kuɗin zaɓen ɗan takara. Ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, bayan shelar jarida da jiran kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, wajibi ne ta kai rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Rangwamen haraji bai ɗauke mata neman lambar haraji da kai lissafi ga hukumar tarayya ba, wato FIRS da sabbin dokokin 2025 suka mayar NRS, kuma ribar da ta samu ta hanyar kasuwanci ba ta cikin rangwamen. In tana da ma'aikata, harajin albashinsu na hukumar harajin jihar Kaduna ne, wato KADIRS. Ga kuma takardar SCUML, ofishin yaƙi da halasta kuɗin haram, da banki ke tambaya kafin a buɗe asusu.

Takardun duk suna nan, amma daga ƙungiya zuwa ofis suke tafiya su tsaya. Ka bincika sunan gidauniya a shafin CAC, abin da za ka gani suna ne da lamba da ranar rajista da ko tana raye a littafinsu. Ba za ka ga nawa ta tara a Ramadan ba, ko wa ya sayo shinkafar, ko a wurin wa. Da aka zo gyaran dokar kamfanoni da ƙungiyoyi a 2020, ƙarfin ya tafi ga sashe na 839 da ya ba hukuma damar dakatar da amintattu ta naɗa na riƙo. Na fahimci dalilin da ya sa shugabannin addini suka tayar da jijiyar wuya, domin sanda ce da mai mulki zai iya juya ta kan wanda ya ga dama. Ni da za a ji tawa, da an bar sandar an buɗe takardar, kowa ya karanta.

Kada wani ya ce na zauna cikin Turawa na fara raina gida. Mutanen nan ba su fi mu amana ba, kuma ba su da abin da muke da shi. A cikin ganuwa, daga Kwarbai zuwa Babban Dodo, ma'ajin ƙungiyar unguwa ya san zai haɗu da masu kuɗin a sahun asuba, ya san surukansa za su ji, ya san sunan gidansu ne a kan layi. Wannan ya fi kowane fom tsare mutum, kuma shi ya riƙe makarantun allo da masallatai tun kafin a san rajista. Sai dai tsarin yana aiki ne ga wanda ke nan. Gani ya kori ji, mu kuwa da ke nesa ji kawai muke yi.

Ɗan Zariya da ke Amurka ko Ingila ko Saudiyya yana cikin rukunin WhatsApp na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na dangi. In aka yi shelar rijiya ko rufin masallaci, sunansa ne a sahun gaba, kuma yana bayarwa da zuciya ɗaya, don ita ce hanyar da ta rage masa ta zama ɗan gari. Sai ya ga hoton bikin buɗe rijiyar, ga tutar jam'iyya, ga ɗan takara yana yanka ƙyalle. In ya tambaya a hankali, "Baba, ko za a turo mana lissafi?", sai a ce ya zama Bature, ko a ce yana zargin dattawa. Ba zargi yake yi ba, iyayenmu, Allah ya ƙara muku lafiya. Ba ya majalisar bayan la'asar da ake faɗin waɗannan abubuwa da baki, kuma kuɗin da ya aika don marayu ba ya son su zama na kamfen ɗin wanda bai zaɓa ba.

Abin da yake roƙo bai kai 990 ba, kuma ba sai an jira Abuja ba. Shafi ɗaya ne a shekara, bayan sallah ko a ƙarshen Disamba: abin da ya shigo, abin da ya fita da inda ya tafi, sunayen masu sa hannu a asusun banki, ko an sayi wani abu a hannun shugaba ko ɗan uwansa, da ko wani ɗan takara ko mai muƙami ya ba da kuɗi da nawa. Ma'aji da sakatare su sa hannu, a karanta a taro, a liƙa a ƙofar ofis, a ɗauki hotonsa a tura wa waɗanda ba sa gari. Asusun kuma ya zama da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum biyu, kada ya zama lambar asusun shugaba da ake yawo da ita a waya.