A tambayi hankicinsa

Ashe har yanzu akwai wanda akwatin feshina, wanda yake zuƙe hazon fenti ya fitar da shi waje, yake hana shi barci. An turo mini abin da aka rubuta jiya, cewa wasu sun mai da ɗakinsu asibiti, sun rufe fuska da takunkumi don kawai za su fesa fentin da bai cika cokali ba, kuma wai da hannu ake gane gwani, yawan fanka da bututu kayan matsorata ne. Ba a ambaci suna ba, ni ma ba zan ambata ba, domin duk wanda ya daɗe a cikin wannan sana'a tamu ta feshin fenti da ƙaramar bindigar iska ya san bakin da maganar ta fito, ya kuma san wanda aka nufa da ita. Ba ni zan ba shi amsa ba. A tambayi hankicinsa wane launi ya fesa jiya.

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramar bindigar feshi ya san cewa ba dukan fentin da ya fita daga bakinta ne yake sauka a kan aiki ba. Iska ce take fita da ƙarfi ta bakin da faɗinsa yawanci yake tsakanin milimita 0.2 zuwa 0.5, ta farfasa fenti ya koma hazo, wani ya manne inda aka nufa, saura kuma ya bushe tun yana sama ya zama ƙura. Manyan ƙwayoyin suna zuba a kan tebur nan take. Ƙananan, waɗanda ido ba ya gani, su ne suke daɗewa suna yawo a ɗaki, su sauka a kan labule da littattafai da shimfiɗar da yara za su kwanta, waɗanda ba su kai maikiron 10 (kashi ɗaya cikin ɗari na milimita) ba kuma su wuce hanci su gangara ƙirji. Mutumin da ya gama feshi ya fyace hanci ya ga shuɗi ko ja ya riga ya sami shaidarsa a hannu, kuma abin da hankici ya nuna masa shi ne ɗan abin da hanci ya iya tarewa. Wanda ya wuce ciki ba ya fitowa a hankici.

Na san abin da zai ce, domin ya sha faɗa: wai shi fentin ruwa yake fesawa, ba shi da wari, saboda haka ba shi da illa. Fentin akirilik roba ce da garin launi a cikin ruwa, kuma idan ruwan ya tashi, robar da garin launin suna nan a cikin iska. Akwai launukan da ake yi da sinadarin kadmiyom, waɗanda masu yin su da kansu suke rubuta gargaɗi a jikin kwalba cewa kada a fesa su. Ga ƙura irin wannan, takunkumin N95 yana tare kashi 95 cikin 100, mai lambar P100 kuma yana tare kashi 99.97. Amma ranar da aka koma fentin mai ko wanda ake tsinkawa da tina, duk waɗannan ba su da amfani ga tururinsa, sai an sa takunkumin roba mai gwangwanin gawayi, wanda a tsarin Amurka ake yi masa alama da baƙi, a na Turai kuma da ruwan ƙasa da harafin A. Gawayin ma cika yake yi, shi ya sa ake ɗaure shi a leda bayan aiki, ake kuma canza shi. Fentin mota mai haɗi biyu kuwa, wanda yake ɗauke da sinadarin aisosayanet, sanannen mai haddasa asma ne, kuma ba shi da wuri a cikin gidan da mutane suke kwana. Shi kuwa malaminmu hujjarsa ita ce ba ya jin warin komai a ɗakinsa. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Hanci yana sabawa da wari cikin ɗan lokaci ya daina kai rahoto, alhali tururin yana nan yana shiga.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, duk wannan bayani ya taɓa jin sa daga bakina, yana zaune a gefena yana gyaɗa kai. Lokacin da bindigarsa take toshewa kullum, yana lanƙwasa allurar da ke cikinta yana zagin kamfanin da ya ƙera ta, ƙofar wa ya ƙwanƙwasa? Wa ya nuna masa yadda ake tsinka fenti, da yadda ake rage iska zuwa awo 15 ko 20 na PSI, ma'aunin ƙarfin iska, a matso kusa da aiki, maimakon a buɗe ta har 40 a tsaya daga nesa ana cika ɗaki da hazo? Wa ya ce masa ya daina fesa ruwan wankin bindiga a sarari, ya nemi tukunyar wanki mai murfi da matata? A wancan lokaci wannan akwatin da yake yi wa dariya shi ne yake ɗaukar hotonsa ta gaba da ta baya don ya je ya kwaikwaya.

Ya kwaikwaya ɗin kuwa, sai dai ya ɗauki siffa ya bar aiki. Akwatin feshi aikinsa ya ja iska daga gaban mai feshi, ya tace ta, ya fitar da ita waje ta bututu. A ƙa'idar wuraren aiki ta Amurka, ana son iskar da ke shiga bakin akwati ta kai gudun ƙafa 100 a minti ɗaya, wato kusan rabin mita a daƙiƙa. Bututun ya zama gajere kuma miƙaƙƙe, domin kowace kwana tana rage ƙarfin ja. A bar ƙofa ko wata taga a ɗan buɗe, saboda fanka ba ta iya fitar da iskar da ba a mayar mata da madadinta ba. Idan da tina ake aiki, kada tururin ya bi ta kan injin fanka mai tartsatsi, domin tururin tina yana kama wuta. Gwajin ma ba shi da wuya: a rataya siririyar takarda a bakin akwati, idan ba ta karkata ciki ba, ko dai matatar ta toshe ko fankar ta yi ƙanƙanta. Shi kuwa kwali ya samu ya manna wa fanka a baya ba tare da bututu ba, fankar tana kwasar hazo daga gabansa tana watsa shi a bangon ɗaki, ya gama kuma ya ɗauki tsintsiya ya sake tayar da ƙurar da ya kamata a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Da kwalin ya kasa, sai ya yanke hukuncin cewa akwatin kowa banza ne. A tambayi hankicinsa, a tambayi labulensa.

Maganar ƙara ma ya taɓo ta, wai mai son shiru ya koma zane da buroshi. Kwamfuresa ita ce injin da ke tura wa bindiga iska, wadda ba ta da tanki tana ruri ne muddin ana feshi, mai tanki kuwa, ko da na lita 3 ne, tana cika shi ta mutu, ta bar mutum ya yi aiki cikin natsuwa kafin ta sake tashi. Mafi yawan abin da maƙwabci yake ji ta bango girgiza ce da take bin ƙafar tebur da daɓe, kuma shimfiɗar roba mai kauri a ƙarƙashin injin tana rage ta sosai. Doguwar tiyo tana ba da damar a nisantar da injin daga bangon da wani yake kwana a bayansa. Ana iya sa shi a akwati mai soso, amma sai an bar masa hanyar iska, in ba haka ba zafi ya ƙona shi. Ƙarin desibel 10 a ma'aunin ƙara kunne yana jin sa kamar an ninka ƙara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin ɗakin kwana da dare ta wuce desibel 30. Wanda yake kunna injinsa a kan teburin katako da tsakar dare, iyalinsa suna juyi a kan gado, shi ne yake kiran wannan ƙwazo.

Da kansa kaɗai abin ya tsaya, wallahi da ban ce uffan ba, ƙirjinsa ne. Amma akwai sababbin shiga da suke ɗaukar maganarsa tamkar karatu, kuma na ga wani yaro a ƙarƙashin rubutun yana murna cewa daga yau ya ajiye takunkumi. To kai, ka ji tsoron Allah! Ka san gaskiya, a gabanka aka gwada, da idonka ka ga yadda farar matata take rinewa bayan aiki kaɗan. Don kawai ka rage mini daraja sai ka tura 'ya'yan mutane su shaƙi abin da ka san yana cutarwa? Idan aikina ne ya tsone maka ido, ka fito ka soki aikina, ka ce layina ya karkace ko launina ya yi kauri, zan saurare ka. Ni ban taɓa cewa na fi kowa hannu ba, amma ba a taɓa fita daga ɗakina ana tari ba, kuma ba a taɓa buga mini bango da dare ba.

Kwamfuresar da na ba shi aro ma ban manta yadda ta dawo ba, tanki cike da ruwa da tsatsa, domin ko sau ɗaya ba a kwance magudanar da ke ƙasansa an zubar ba. Ban yi magana a lokacin ba saboda ina ganin girman zumunci. Daga yau kada a sake aiko mini da kowa aron matata, ko tiyo, ko allura.