A daina rushe majalisar da ke tsaron maganinmu

A mafi yawan ƙauyukan Jihar Katsina, mai kemis ne mutum na farko da marar lafiya yake gani. Daga Baure zuwa Sandamu, daga Mashi zuwa Jibiya, idan jikin yaro ya yi zafi da daddare a tsakiyar damina, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ba ya ma zuwa ran uwarsa. Goya shi take yi, ta ja mayafi, ta nufi shagon bakin kasuwa, ta ce, "Malam, a haɗa mini na ɗari biyar, tun la'asar jikinsa zafi rau." Shi kuma ya ɗauko almakashi ya yanko ƙwaya biyu daga wannan kati, uku daga wancan, ya ƙulle a leda, ya ce a ba shi safe da yamma. Babu gwajin jini, babu takardar likita. Wani lokacin Allah ya sa a dace, wani lokacin kuma sai an kai yaron babban asibiti a galabaice.

Wa ya ba mutumin nan izinin buɗe shago? Wa ya faɗa masa irin maganin da zai ajiye da wanda ya fi ƙarfinsa? Idan ya ƙetare iyaka, wa zai sa wa ƙofarsa kwaɗo? Da yawanmu za mu ce NAFDAC, don ita muka fi ji a rediyo tun zamanin marigayiya Dora Akunyili. Amma NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, aikinta a kan maganin ne shi kansa: ingancinsa, rajistarsa, da lambar da ke jikin kwali. Mutumin da ke sayarwa da wurin da ake sayarwa suna hannun wata hukuma ce daban, wato PCN, mai kula da sana'ar harhaɗa magunguna a Najeriya. Ita ke yi wa masana harhaɗa magunguna rajista, ita ke duba tsangayoyin da ke koyar da su a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, ita ke ba da lasisin manyan shagunan magani da na masu sari da ƙananan kemis. An kafa ta da doka mai lamba 91 ta 1992, sannan a 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta faɗaɗa ikonta, ta kuma ƙara nauyin hukunci a kan masu karya ƙa'ida.

Dokar ta yi kyau. Abin da ke damuna shi ne yadda gwamnatoci ke ɗaukar shugabancin wannan hukuma tamkar sauran kujerun da ake rabawa bayan zaɓe.

PCN hawa biyu ce. Akwai magatakarda da ma'aikatansa, su ne ke ofis kullum, su ne ke fita duba shaguna. A samansu akwai majalisar gudanarwa, mai shugaba da shugaban ƙasa ke naɗawa, da wakilai daga ma'aikatar lafiya, da jami'o'i, da jihohi, da ƙungiyar masana harhaɗa magunguna ta PSN. Majalisar ce ke tsara manufa, ita ke sa ido a kan magatakardan, kuma daga gare ta ake samar da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya soke sunan ƙwararre daga rajista. Idan babu majalisa, ofis zai ci gaba da karɓar kuɗin sabunta lasisi, sufetoci za su iya rufe ƙaramin shago, amma babban da ya ci amanar sana'a babu mai zaunar da shi.

An kuwa sha barin ta babu. A watan Yulin 2015 gwamnatin tarayya ta rushe majalisun gudanarwar hukumominta, guguwar ta haɗa har da masu kula da sana'o'in lafiya. PCN ta shafe shekaru babu majalisa, shugabannin PSN suna ta kiraye-kiraye. Da aka tashi naɗa shugaba ma, sai naɗin ya zo da taƙaddama tsakanin ƙungiyar da gwamnati. A cikin wannan giɓin ne, a ƙarshen Afrilun 2018, binciken BBC ya nuna yadda ruwan tari mai kodin ke fita ta bayan gida daga hannun wasu ma'aikatan kamfanoni zuwa hannun matasa, har gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi a farkon watan Mayu. Mu a Arewa ba mu buƙaci kyamara ta gaya mana ba, mun ga kwalaben a kwatoci da bayan makarantu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa a wannan zangon mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan. Ba rashin majalisar PCN ne ya haifi wannan annoba ba. Sai dai kodin da tiramadol magunguna ne da ke bi ta hannun masu lasisi kafin su ɓace, kuma a daidai lokacin da aka fi buƙatar kotun da za ta tuhumi masu lasisin, kujerunta babu kowa.

A watan Yunin 2023 aka sake yin irin ta. Sabuwar gwamnati ta rushe majalisun, ta bar waɗanda kundin tsarin mulki ya kafa, irin su hukumar zaɓe da majalisar shari'a ta ƙasa. Nan da nan kuma aka fito da sanarwar cewa rushewar ba ta shafi NAFDAC da NDLEA ba. Wannan togaciyar daidai ce, kuma ita ce hujjata. Idan gwamnati ta yarda cewa hukumar da ke duba kwalbar magani ba ta jure giɓi, da wane dalili za a ce wadda ke duba hannun da ke miƙa kwalbar za ta jure? Sai a farkon 2024 aka sanar da Hajiya Wosilat Giwa a matsayin shugabar majalisar PCN.

Akwai masu cewa ai shugaban ƙasa yana da haƙƙin ya zo da mutanensa, shi jama'a suka zaɓa, shi za a tambaya. Na yarda da rabin maganar. Ya naɗa, babu laifi. Amma naɗi daban, share kowa rana ɗaya daban. Hukumar da ke gina hanya ko raba taki tana aiwatar da manufar gwamnati ce, don haka sabuwar gwamnati na iya son sababbin hannuwa. Wannan kuwa aikinta ya fi kusa da na alƙali. Adadin maganin da ke kashe jariri bai san jam'iyya ba. Abin da ya kamata shi ne wa'adi tsayayye da ba a yanke shi sai da laifin da aka tabbatar, kuma a jera wa'adin yadda rabin wakilai za su sauka rabi na nan, ta yadda ƙarar da aka fara saurare ba za ta mutu a cikin fayil ba don an rantsar da sabon shugaban ƙasa.

Wanda yake ganin tsayin dakan shugabanci ba ya canza komai, ya dubi Kano. Shekara da shekaru ana maganar tashin kasuwar magani ta Sabon Gari, inda ake jibge katan-katan a rana da ƙura, ana ɗagawa ana sake ɗagawa, domin 'yan kasuwar suna da ƙarfi kuma suna da masu jin kukansu. Sai a watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, PCN da NAFDAC suka rufe shaguna sama da dubu, aka matsa wa masu sari su koma cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya. An ji jiki, wasu sun yi asara, kuma kukansu abin saurare ne. Amma mai kemis na Daura da na Kankiya da na Dutsin-ma mafi yawansu daga Kano suke saro kaya. Duk gyaran da aka yi a can yana isowa cikin ledar matar nan mai ɗari biyar. Irin wannan mataki shugaban da ke tsoron a cire shi gobe da waya ɗaya ba zai iya ɗauka ba.

To amma 'yan siyasa ba su kaɗai ne abin tsoro ba. Akwai wata matsalar da 'yan sana'ar ba su cika son a taɓo ba. Ka shiga wani babban shagon magani, za ka ga takardar lasisi cikin gilashi an rataye ta a bango, da hoton mai ita sanye da farar riga. Ka ce kana son ganinsa, sai yaron shago ya ce ya fita. Ka dawo jibi, ya fita. Gaskiyar ita ce yana wani gari yana wani aikin, ya ba ɗan kasuwa hayar lasisinsa, ana tura masa kuɗi. Dokar da ta ce dole ƙwararre ya tsaya a kan magunguna masu haɗari ta zama takarda a bango. Wanda ya yi wannan ɗan ƙungiya ne, wataƙila abokin karatun wani da ke zaune a majalisa ne, wataƙila tare suke zuwa taron shekara. Majalisar da kusan duk wakilanta 'yan sana'a ɗaya ne za ta fi samun sauƙin rufe kemis ɗari a ƙauye a kan ta soke lasisin abokin aiki guda. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin kunya ta hana shi hukunta nasa.

Birtaniya ta fuskanci wannan. A da ƙungiyar masana magungunansu ce ke kare muradin 'ya'yanta kuma ita ke hukunta su. A 2010 aka raba aikin biyu, aka kafa hukuma mai zaman kanta wadda majalisarta ke da mutum 14, bakwai 'yan sana'a, bakwai kuma mutanen gari da ba su da alaƙa da ita. Ba na cewa mu kwafo tsarinsu ɗungurungum. Amma babu abin da zai hana a ware kujeru a majalisar PCN ga waɗanda ke shan maganin: lauya, malamar makaranta, wakilin masu ciwon suga ko sikila da ke sayen magani duk wata har ƙarshen rayuwarsu. Kuma duk wanda zai zauna a kujerar ya bayyana a rubuce ko yana da shago, ko hannun jari a kamfanin magani, ya tashi daga zama ranar da za a tattauna abin da ya shafe shi.

Sai masu kemis. Na san masana harhaɗa magunguna da yawa ba sa son jin an ce a ba su murya, suna ganin wanda ya yi shekara biyar ko shida a jami'a ba zai zauna teburi ɗaya da wanda ya koyi sana'a a shagon yayansa ba. Karatunsu abin girmamawa ne, kuma ban nemi a sassauta ƙa'ida ko da ƙwayar zarra ba. Mai kemis da ke yin allura a bayan labule, ko ƙarin ruwa a kan benci, ko sayar da tiramadol ga yaro, a rufe shi a kai shi kotu. Amma Katsina ƙananan hukumomi 34 gare ta, kuma manyan shagunan da ƙwararru ke tsaye a kansu sun taru ne a birane irin Katsina da Funtuwa da Daura. Idan aka rufe kemis ɗaya tilo da ke ƙauye ba a kawo madadinsa ba, mutane ba za su daina rashin lafiya ba. Za su koma wurin mai tallar magani a faranti ranar kasuwa, wanda rana ta gama dafa kayansa, ko wurin mai shigo da na fasa-ƙwauri ta iyakar Jibiya da Kwangwalam, wanda ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Majalisar da ke yanke hukunci a kan dubban masu kemis tana buƙatar hanya tabbatacciya ta jin ƙungiyarsu, NAPPMED, kafin ta yanke. Tsarin da PCN ta gwada a Kaduna da Legas, na raba masu kemis mataki uku gwargwadon horon lafiyar da suke da shi, tunani ne mai kyau da ya dace da mu, tunda makarantun fasahar lafiya na Kankiya da Daura suna yaye matasan da za su iya riƙe irin waɗannan shaguna da ilimi. Irin wannan shiri shekaru yake ɗauka kafin ya kama ƙasa, kuma shi ne farkon abin da ke tsayawa idan aka rushe majalisa.

Ina kuma so majalisar ta sauya ma'aunin da take auna kanta da shi. Duk sanarwar da muke ji ita ce an rufe shaguna kaza a jiha kaza. Nawa aka sake buɗewa bayan mako biyu? Nawa suka gyara suka samu lasisi? Ƙwararru nawa aka gurfanar, me aka yanke musu? A wallafa wannan duk shekara. A fitar da sunayen shagunan da ke da lasisi a kowace ƙaramar hukuma, a manna a sakatariya da ƙofar asibiti, a karanta lambar kai ƙara da Hausa a gidan rediyon jiha, don mutumin Zango ya san inda zai kai kuka idan aka sayar masa da maganin da wa'adinsa ya wuce.

Gyaran wa'adi da na kujerun majalisa aikin Majalisar Dokoki ta Ƙasa ne, kuma Katsina tana da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 15 a can. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya gabatar da ƙudurin da zai hana rushe majalisun hukumomin lafiya da sanarwa, ya kuma wajabta cike gurbi cikin ƙayyadadden lokaci idan wa'adi ya ƙare. Reshen PSN na jiha da ƙungiyar masu kemis da ma'aikatar lafiya ta jiha su zauna su rubuta abin da suke so a saka a ciki, su miƙa musu tun kafin 'yan majalisar su shagala da zaɓe mai zuwa.