1993: Shekarar da muka yi shugabanni uku

Duk shekara idan 12 ga Yuni ta zagayo, sai shafukan sada zumunta su cika da hoton Abiola da tsine wa Babangida. Ban hana kowa ba. Amma ni da na ga 1993 da idona, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda 'yan siyasa suka taya soja binne zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yunin shekarar, kuma har yau babu mai son a taɓo wannan ɓangaren.

A tuna yadda aka faro. Jam'iyyu biyu ne kacal, SDP da NRC, kuma gwamnatin soja ce ta ƙirƙire su, ta gina musu ofisoshi. SDP ta tsayar da Moshood Abiola a taron Jos, ya ɗauki Babagana Kingibe mataimaki, Musulmi biyu a tikiti ɗaya, kuma jama'a ba su ɗaga hankali ba. NRC ta tsayar da Bashir Tofa. Aka yi zaɓe lafiya ƙalau, Abiola ya kayar da Tofa har a Kano, jiharsa ta haihuwa. Masu cewa Arewa ce ta ƙi Bayarabe su riƙa tuna wannan, don talakan Arewa ya bi layi ya ba shi ƙuri'a.

Ranar 23 ga Yuni gwamnatin Babangida ta soke zaɓen. Legas ta kama da wuta a watan Yuli, soja suka buɗe wuta, mutane suka mutu. Ina iya tuna manyan motoci a Sabon Gari, an lafta musu katifu da tukwane, 'yan kabilar Ibo na komawa gida don tsoron kada a maimaita abin da ya faru a 1966. 'Yan'uwanmu mazauna Kudu su ma suna ta kwararowa gida. Da magariba ta yi kowa ya manna kunne a rediyo, batir ya zama kamar abinci.

To a wannan halin ne shugabannin SDP, jam'iyyar da ta ci zaɓe, suka zauna da na NRC suka amince da gwamnatin riƙon ƙwarya. Ka ji fa! An ƙwace maka akuya, sai ka zauna da ɓarawon kuna shawarar yadda za a raba naman. Babangida ya sauka 26 ga Agusta, ya bar wa Ernest Shonekan kujera, ya kuma bar Janar Sani Abacha riƙe da ma'aikatar tsaro. Ko yaro ya san an ba kura ajiyar nama.

Ba baƙin ciki kaɗai aka yi ba, gaskiya. A watan Satumba yaranmu 'yan ƙasa da shekara 17, su Nwankwo Kanu, suka ɗauko kofin duniya a Japan, a Oktoba kuma Super Eagles suka samu gurbin gasar cin kofin duniya karo na farko bayan kunnen doki da Aljeriya. A watan nan dai wasu samari huɗu suka karkatar da jirgin Nigeria Airways zuwa Yamai da sunan neman haƙƙin Abiola.

Shonekan bai cika wata uku ba. Gwamnatinsa ta ɗaga litar fetur daga kwabo 70 zuwa naira 5, ƙungiyar ƙwadago ta tafi yajin aiki, wata babbar kotu a Legas ta ce gwamnatin ma haramtacciya ce. Ranar 17 ga Nuwamba Abacha ya karɓe mulki ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Ya rushe majalisu, ya sallami zaɓaɓɓun gwamnoni, ya soke jam'iyyun biyu.

Nan ne fa abin ya fi ciwo. Wasu daga cikin masu ihun 12 ga Yuni su ne suka yi ta kiran soja ya shigo, wai zai gyara ya miƙa wa Abiola. Da aka fitar da sunayen ministoci, sai ga Kingibe, mataimakin Abiola da kansa, a ma'aikatar harkokin waje. Ga Lateef Jakande, ga Abubakar Rimi, ga Iyorchia Ayu wanda ya shugabanci majalisar dattawa. Kowa da hujjarsa, na sani, wasu sun ce shiga suka yi don gyara daga ciki. Gyaran da aka gani shi ne an kama Abiola a 1994, bai fito ba sai gawarsa a 1998.

A 2018 Buhari ya mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, ya ba Abiola lambar girma ta GCFR, mafi daraja a ƙasar nan. A wurin bikin har da Kingibe, shi ma aka rataya masa tasa ta GCON, mai bi mata a daraja, ana tafi.