Doka ta ce 16, ta ce 18, mu kuma a Zango muna cewa "a rufa asiri"

Duk inda aka taɓo zancen auren yara a nan Kumasi sai ka ji magana ɗaya, ko a bes wajen shan ataya ne, ko gidan suna, har a wa'azi ma na sha jinta: wai dokar Gana ta halatta zina ta haramta aure. Mai faɗa zai faɗa ya gyara zama, jama'a su ce wallahi kuwa, shi ke nan an rufe babi. To ni dai yau ina so a buɗe shi, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Ga abin da ke rubuce. Dokar laifuka ta 1960, wadda lauyoyi ke kira Act 29, sashe na 101 ya ce duk wanda ya kwana da yaro ko yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba ya yi laifi, ko ta yarda ko ba ta yarda ba, kuma hukuncinsa ɗauri ne daga shekara 7 zuwa 25. Da can 14 ne, a 1998 aka ɗaga zuwa 16. A wannan shekarar ta 1998 kuma aka yi dokar yara, Act 560, wadda ta ce babu aure kowane iri kafin shekara 18, na masallaci ne, na coci ne, ko na gargajiya, kuma ba a tilasta wa yaro baiko ko a karɓi sadaki a kansa. To ka ga akwai shekara biyu a tsakani, yarinya 'yar 16 ko 17 doka ba za ta kama wanda ya neme ta da yardarta ba, amma idan ya kawo goro da sadaki ya taka doka. Wannan giɓin gaskiya ne, ba mutanen Zango kaɗai suka gan shi ba, lauyoyi da masu kare haƙƙin yara sun sha kiran a daidaita lambobin biyu. Ban ce masu ƙorafi ƙarya suke ba.

Amma tambayata ita ce, tsakani da Allah, rigingimun da muke gani a unguwanninmu na Aboabo da Asawase da Sawaba na 'yan shekara 17 ne da samarinsu masu son aure doka ta hana? Ni abin da na fi gani shi ne yarinya 'yar 12, 'yar 13, 'yar 14, mai tallan koko da ƙosai da safe ko mai ruwan leda a bakin titi, da wani ƙato mai shago ko mai gidan haya ko direba wanda a shekaru ya haife ta ya haifi yayarta. Wannan babu wani giɓi a doka, a fili take, shekara 7 ce mafi ƙaranci. Me muke yi idan ta faru? Duk mun sani.

Bari in ba ku irin zaman, domin na taɓa zama a irinsa ba labari aka ba ni ba. Bayan isha'i ne, an shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin babban gida, an kashe rediyo, an kori yara. Wanda ya yi ɓarnar bai ma zo ba, yayansa ya turo da wani dattijo mai carbi. Uwar yarinya tana gefe ta ja mayafi ta rufe fuska. Kawun yarinya, saurayi ne mai zafin kai, ya ce shi gobe da safe ofishin DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafin mata da yara, zai tafi. Sai dattijo ya ce, "Haba ɗana, zauna. Kai yaro ne ba ka san duniya ba. In ka kai maganar nan wajen 'yan sanda wa ka tona wa asiri? Shi namiji ne, gobe zai sa rigarsa ya fita. Ita wa zai aure ta?" Uwar ma da kanta ta juyo ta ce, "Ƙanina don girman Allah ka rufa min asiri, a gidan nan nake haya, ina za ni da yara biyar?" Aka fito da ambulan, aka ce kuɗin magani ne. Aka yi fatiha aka shafa. Yarinyar tana cikin ɗaki duk tsawon zaman, babu wanda ya kira ta, babu wanda ya ambaci sunanta ma, "yarinyar nan" kawai ake cewa. Bayan ɗan lokaci aka tura ta ƙauye wajen gwaggonta, makaranta ta ƙare ke nan, shi kuwa yana nan sahun gaba a masallaci.

Ban ga laifin uwar ba sosai, wlh. Mai haya a gidan dangin wanda ya cuce ta, mai sayar da wake da shinkafa da jarin da bai kai ya kawo ba, kuma ta san idan ta je wajen 'yan sanda za a ba ta takardar asibiti, likita kuma sau da yawa sai an biya shi kafin ya duba ya sa hannu, ga kuɗin mota zuwa kotu yau a ɗage gobe a ɗage. Talauci yana da hannu. Amma dattijon fa? Shi ba talauci ne ya kawo shi ba. Abin da ya kawo shi shi ne wani tunani da muka gada ba mu taɓa zama mun duba shi ba, cewa abin da aka ɓata a irin wannan lamari sunan gida ne, ba yarinya ba. Shi ya sa gyaran da ake nema gyaran suna ne: a yi shiru, ko a ɗaura mata aure da shi wanda ya yi ɗin, a ce an rufa asiri. Doka kuwa ba ta yarda a sasanta wannan laifi a gida ba, ba rigimar bashi ba ce. Mu da muke cewa doka ta yi sakaci da tarbiyya, a inda dokar ta fi tsanani mu ne muke sassauta ta da hannunmu.

Sai kuma kalmar nan da ke ƙona min rai, "ai ta girma". Da me aka auna? Da ido. An ga jiki ya fito shi ke nan ta zama mace. Har za ka ji mata 'yan uwanta na cewa ai idonta a buɗe yake, ita ta kai kanta, wa ya aike ta shagonsa da dare. Dalilin da ya sa yawancin ƙasashe suka ɗauki lamba suka rubuta ke nan, don kada alƙali ya zauna yana kallon jikin yarinya yana kintace, kuma kada babba ya zo ya ce ai ta yarda. Yardar da aka saya da Indomie da ƙwai da sidi 20 a momo (kuɗin da ake turawa ta waya), daga hannun wanda ke bin uwarta bashi, wace irin yarda ce? Lambar ba wahayi ba ce, mutane ne suka zauna suka tsayar, shi ya sa take canzawa. Ingila sai a 1885 ta ɗaga daga 13 zuwa 16, bayan jaridu sun tona yadda ake cinikin yara mata a Landan. Indiya a 1891 aka ɗaga daga 10 zuwa 12 bayan wata ƙaramar yarinya ta mutu a hannun mijinta, kuma an yi ta hayaniya a lokacin cewa ana taɓa addini da al'ada. Japan da duk ci gabanta sai 2023 ta tashi daga 13 zuwa 16. Kowa da nasa tarihin abin kunya, ba wanda ya sauko daga sama da 18 a hannu.

Na san inda za a tare ni, za a ce ai addini balaga ya sani. Ni ba malami ba ne, malamanmu na nan Allah ya ƙara musu lafiya, amma ɗan abin da na karanta a makarantar allo da na dare bai bar ni a duhu ba. A Suratun Nisa'i aya ta 6, da Allah ya yi maganar dukiyar marayu, bai ce da zarar sun isa aure a miƙa musu ba, sai da ya haɗa da a ga hankali da shiriya a tare da su. To idan kuɗi ba a danƙa wa yaro don kawai jikinsa ya balaga, yaya za a danƙa masa miji da ciki da uwar miji da kishiya? Kuma sanya shekara ba turawa kaɗai suka yi ba. Daular Usmaniyya ta Turkiyya a dokar iyali ta 1917 ta sa 18 ga namiji 17 ga mace. Maroko, 'yan mazhabar Malikiyya irinmu, a 2004 suka sa 18 ga duka biyun, duk da alƙali na iya ba da izini a wasu halaye. Masar ta sa 18 a 2008. Waɗannan ba su san Ƙur'ani ba ne? Shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halal idan cutarwa ta bayyana, kuma cutarwar ai ba a ɓoye take ba, ku tambayi duk wata ungozoma abin da ke faruwa idan ƙugun da bai gama ƙwari ba ya zo haihuwa, doguwar naƙuda, yoyon fitsari, wani lokaci uwa da ɗa duka a rasa.

Kun tuna abin da ya faru a Nungua, can wajen Accra, a 2024, da aka ga bidiyon bikin wani babban mai tsafin gargajiya ɗan shekara 63 da yarinyar da aka fara cewa shekararta 12? Ranar Facebook ɗin 'yan Zango ya cika, kowa na tsine, kowa ya zama mai kare yara. Na yi murna, amma na kuma yi dariya a raina, saboda a cikin masu tsinewar akwai waɗanda suka ci shinkafar bikin 'yar ƙaramar sakandare (JHS) a layinsu ba su ce uffan ba. Laifi tudu ne.

Kuma kada a ɗauka abin na Zango ne kawai ko na Musulmi. Binciken da hukumar ƙididdiga ta yi da UNICEF a 2017 zuwa 2018 ya nuna kusan mace ɗaya cikin biyar 'yan shekara 20 zuwa 24 a Gana an aurar da ita ko ta zauna da namiji kafin 18, kuma abin ya fi yawa a arewa da ƙauyuka, inda talauci ya fi. Je ka kasuwar Kejetia ka kalli yaran da ke ɗaukar kaya da kwano a ka, wasu gudun aure suka yi, wasu kuɗin kayan aure suka zo nema, da dare kuma suna kwana a barandar shaguna babu ƙofa babu mai tsaro. Da can uba zai ce ba ni da kuɗin sakandare gara ta yi aure, to tun Satumba 2017 sakandare kyauta ce, kuma hukumar ilimi ta yarda yarinyar da ta haihu ta koma aji. Uzurin ya ragu sosai, halin ne bai ragu ba. Af, kuma sashe na 101 ɗin nan bai ce mace kawai ba, yaro namiji ma yana ciki, wannan kuwa shirun da muke yi a kansa ya ninka na mata, yaran da ke koyon sana'a a gareji da masu kwana a shagon maigida Allah kaɗai ya san abin da suke haɗiyewa.

To giɓin 16 da 18 fa, me za a yi da shi? Masu cewa doka ta halatta zina, idan ka bi maganarsu zuwa ƙarshe, mafi yawa ba so suke a ɗaga 16 ba, so suke a sauke 18. Ni a nan muka rabu. Aure ba kwanciya ba ce kawai, fita ce daga makaranta, komawa ce ƙarƙashin ikon wani, kuma a garinmu idan ya mutu ita ce za ta dawo gida da goyo tana 'yar 19 ba sana'a ba takarda. A bar 18 inda take. Amma kuma ban goyi bayan a ɗaga 16 zuwa 18 haka kawai ido rufe ba, domin waɗanda za a kwasa su ne yara 'yan sakandare, ɗan 18 da budurwarsa 'yar ajinsu, a kai shi kurkuku shekara 7 ya fito ya zama wani abu daban, alhali Alhaji mai ambulan ba zai taɓa ganin ƙofar kotu ba. Wannan aikin iyaye ne da malamai da tarbiyya, haramun ne mu faɗa musu haramun ne, ba sai ɗan sanda ya taya mu ba. Inda nake so doka ta sa ido shi ne babba mai iko a kan yaro: malamin makaranta, na boko ko na islamiyya, maigida a wajen sana'a, mai riƙo, mijin yaya. Ingila tana da irin wannan, shekarar yarda 16 ce amma malami ko mai kula da yaro idan ya nemi wanda bai kai 18 ba ya yi laifi. Wannan ya fi kama da ciwon da ke damunmu.

Kafin majalisa ta motsa kuma, akwai abin da ke hannunmu. Yawancin aurenmu ba a rajista, liman da waliyyi da shaidu ne kawai, babu mai tambayar shekara, in ma an tambaya sai a ce ai ta kai. Me zai hana limamanmu da sarakunan Zango su haɗu su ce daga yau ba a ɗaura aure sai an ga takardar haihuwa ko katin makaranta, kuma limamin ya sa matarsa ko wata dattijuwa ta keɓe da yarinyar ta ji daga bakinta, ba daga bakin kawunta ba? Dattijai kuma, iyayenmu, da girmamawa nake faɗa, idan aka zo kiranku zaman sasanta irin wancan ku ce ba za ku ba. Ku je ku raka uwar ofishin 'yan sanda, ku haɗa mata kuɗin likita daga asusun masallaci, in mai gida ya kore ta ku nema mata ɗaki. Kuɗin da ke cikin ambulan ɗin nan ma da za a juya shi ya isa ya biya wannan duka.