Katangar sauti da ƙaryar da aka yafe wa David Lean

Tun ranar 28 ga Janairun 2025 da XB-1, jirgin gwajin Boom, kamfanin Amurka da ke son ƙera jirgin fasinja mai gudun da ya fi na sauti, ya zarce saurin sauti a sararin hamadar Mojave ta Amurka, nake ta cin karo da masu zaro tsohon fim ɗin nan na Birtaniya, The Sound Barrier (wato katangar sauti, cikas ɗin da jirgi ke fuskanta idan ya kusanci saurin sauti), suna kafa shi shaida a kan cewa jarumtar mazan jiya ce take shirin dawowa. Idan ka ce musu ai fim ɗin ya murɗe tarihi, sai su ɗaga kafaɗa su ce wasan kwaikwayo ne, ba littafin makaranta ba. Wannan uzuri shi ne abin da ya ishe ni.

Ba na musun kyan aikin. David Lean ne ya ba da umarni, Terence Rattigan ya tsara labari, kuma a 1952 da fim ɗin ya fito ya cancanci kyautar Oscar da ya ci a fannin ɗaukar sauti, haka ma kyautar BAFTA da Ralph Richardson ya samu. Duk wanda ya ga farkonsa, inda jirgin Spitfire yake shawagi a saman fararen duwatsun gaɓar Dover, sannan matuƙin ya kifa shi ƙasa har jirgin ya fara karkarwa kamar mai zazzaɓi, ya san gwani ne ya riƙe kyamara. To amma gwanintar ce ta sa ƙaryar ta shiga kunne ta zauna.

A ƙarshen labarin, matuƙin gwaji Philip Peel yana gangarowa da jirgi a guje, yana jan sandar tuƙi jirgin ya ƙi ɗagowa, sai dabara ta faɗo masa ya tura sandar gaba, nan take jirgin ya miƙe, katangar sauti ta faɗi a hannun Baturen Ingila. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da ya faru. Chuck Yeager na Amurka ne ya fara zarce saurin sauti, ranar 14 ga Oktoban 1947, cikin Bell X-1 da aka sako daga cikin wani jirgin B-29, kuma kafin Lean ya fara ɗaukar fim ɗinsa labarin ya riga ya zama sanin kowa. Yeager da kansa ya bayyana cewa duk matuƙin da ya gwada dabarar Peel da bai rayu ya ba da labari ba. Abin da yake faruwa a zahiri shi ne, idan jirgi ya kusanci saurin sauti, iskar da ta dunƙule a kan wutsiyarsa takan hana ɗan marfin da ke ɗaga hancin jirgi aiki, kuma maganin da aka samu shi ne a sa shimfiɗar wutsiyar gaba ɗaya ta riƙa motsi. Aikin injiniyoyi ne irin su Jack Ridley, abokin aikin Yeager a kan X-1, da lissafi, da gwaji bayan gwaji ana ƙara gudu kaɗan-kaɗan.

Masu kare fim ɗin suna cewa wannan ɗan kuskure ne na fasaha wanda bai taɓa zuciyar labarin ba. Ni kuwa ina ganin shi ne zuciyar labarin, domin da zarar an mayar da matsalar lissafi ta koma matsalar ƙarfin hali, to an wanke mai kamfani tas. Dubi John Ridgefield, attajirin da Richardson ya fito a matsayinsa: ɗansa ya mutu a tashinsa na farko shi kaɗai saboda tsoron ɓata wa uba rai, surukinsa Tony ya nutse cikin ƙasa da jirgin Prometheus, amma fim ɗin bai ƙare ba sai da ya sa 'yarsa Susan ta dawo gida ta fahimce shi, wai mai hangen nesa ne da kaɗaici ya dama. Mai kallo yana fita daga silima da yaƙinin cewa rayukan nan kuɗin shiga ne da ba makawa sai an biya.

A wajen silima kuwa an biya, kuma fiye da yadda Rattigan ya rubuta. Geoffrey de Havilland ƙarami, matuƙin gwaji kuma ɗan mai kamfanin ƙera jirage na de Havilland, ya mutu ranar 27 ga Satumban 1946 lokacin da jirgin DH 108 ya wargaje da shi a bakin kogin Thames, kuma mutuwar tasa ce tushen labarin fim ɗin. Jirage uku aka ƙera na wannan samfurin, dukansu sun faɗi, kowanne da ran matuƙinsa. John Derry, wanda ya zama Baturen Ingila na farko da ya zarce saurin sauti a Satumban 1948, ya mutu ranar 6 ga Satumban 1952 a bajekolin jirage na Farnborough, inda DH 110 ya tarwatse a sama, injinsa ya faɗa cikin taron jama'a ya kashe 'yan kallo 29. Ko wata biyu ba a yi da fitowar fim ɗin ba. Su waɗannan 'yan kallo, wace jarumta suka sa hannu za su yi? Jirgin fasinja na Comet ma, da fim ɗin ya yi ta gwada shi kamar amarya, a 1954 biyu suka fashe a sama kusa da Italiya saboda gajiyar ƙarfe, aka dakatar da shi.

Akwai kuma abin da fim ɗin ya binne wanda ya fi ba ni haushi. Birtaniya tana da jirgin da aka tsara musamman domin wannan aiki, Miles M.52, mai irin wutsiyar nan da take motsi gaba ɗaya, sai gwamnati ta soke shi a Fabrairun 1946 ana gab da kammala na farko, tana fakewa da tsada da haɗari ga matuƙa. A Oktoban 1948 ƙaramin samfurinsa marar matuƙi ya zarce saurin sauti da kashi 38 cikin ɗari, lafiya lau. Wato ƙasar ta riƙe nasara a hannu ta sake ta, sannan bayan shekara shida ta je silima ta saya wa kanta ta roba. Masu cewa jama'ar da ta fito daga yaƙi a jigace tana buƙatar abin ƙarfafa guiwa, sai su gaya mana tun yaushe rufe kuskuren hukuma ya zama magani.

Shi ya sa nake jin ƙaiƙayi idan na ga ana shafa wa Boom wannan tsohon turare. Katangar sauti ta faɗi tun 1947, kuma ba ita ta kayar da Concorde, jirgin fasinjan Birtaniya da Faransa mai zarce saurin sauti, ba. Jirgin ya yi jigila daga 1976 zuwa 2003 da kujeru kusan 100, guda 14 kacal suka shiga aiki, ya sha mai kamar ba gobe, Amurka kuma ta haramta irin wannan gudu a saman ƙasarta a 1973 saboda ƙarar da ke girgiza tagogin mutane. Ba na cewa a jefar da fim ɗin Lean. A nuna shi, amma a haɗa shi da labarin M.52 da na Farnborough a zama ɗaya. Su kuma 'yan jaridar da ke bibiyar Boom, su ajiye zancen jarumta su tambayi kamfanin lita nawa kowane fasinja zai ƙona daga Landan zuwa New York, da kuma wa zai iya biyan kuɗin kujerar.