Ku daina yanke wa jirgi hukunci da bidiyon daƙiƙa goma

Wallahi abin da ake rubutawa a kan faɗuwar Tejas, jirgin yaƙin nan ƙirar Indiya, a baje kolin jirage na Dubai ya ishe ni. Mutum ya rasa ransa, matuƙin jirgin, Wing Kwamanda Namansh Syal, a gaban dubban 'yan kallo ranar 21 ga Nuwamba 2025, amma tun hayaƙi bai washe ba aka fara "ai kayan Indiya ne", "gwangwani ne", wasu har da alamar dariya. Masu goyon bayan Pakistan suna shewa, 'yan Indiya suna laluben wanda za su ɗora wa laifi. Duk cikinsu ban ga wanda ya yi tambayar da mai binciken haɗari yake fara yi ba: a tsayi nawa jirgin yake lokacin da hancinsa ya kalli ƙasa, kuma da gudu nawa?

Tsayi. Nan maganar take. Jirgin yaƙi idan ya yi alkafura a sama, wato ya hau, ya kife, ya sauko ya miƙe, da'ira yake zanawa, kuma faɗin da'irar lissafi ne da ba ya jin roƙo. In gudu ya ninka biyu, filin da jirgin ke buƙata kafin ya juyo ya ninka huɗu, muddin ƙarfin da matuƙi ke jan jirgin da shi don ya juyo bai canza ba. Kamar tirela ce ɗauke da kaya a gangara, komai kyawun birki sai ta ci tazararta. Shi ya sa kowane matuƙin wasa yake da lambobi biyu da ya haddace tun a ƙasa: mafi ƙarancin tsayi da iyakar gudu a ƙololuwar alkafurar. Ya isa can sama, jirgi a kife, zai dubi na'ura. Lambobi sun cika, ya ja ya sauko. Ba su cika ba, ya mirgina jirgin ya daidaita, ya fasa. Daƙiƙa ɗaya zuwa biyu gare shi ya yanke wannan shawara. Da zarar hanci ya wuce ya nufi ƙasa a tsaye, ƙofar fasawa ta rufe.

Ku dubi wasan jiragen Shoreham ta Ingila, 22 ga Agusta 2015. Jirgin Hawker Hunter ya shiga alkafura da gudun kusan kilomita 575 a awa, alhali ana buƙatar kusan 650, kuma injin bai kasance a cikakken ƙarfi ba yayin hawan. Ya kai ƙololuwa a ƙafa 2,700 maimakon 3,500. Ƙafa 800 kacal suka yi giɓi. Matuƙin bai fasa ba, ya ja ya sauko, jirgin ya faɗa kan babbar hanyar A27, mutum 11 suka mutu. Rahoton masu bincike na 2017 ya ƙara da cewa ba a ba matuƙin horo na musamman kan yadda ake fasa wannan juyi a wannan jirgi ba. Ina tutar ƙasar da ta ƙera jirgin ta shigo a nan?

To ga na Amurka, tunda wasunku a wurinsu kayan Amurka ba ya faɗuwa. Ranar 14 ga Satumba 2003, a sansanin Mountain Home, Kyaftin Chris Stricklin na Thunderbirds, tawagar wasan jirage ta rundunar saman Amurka, ya tashi da jirgin yaƙi F-16, ya hau domin ya kife ya sauko. Ƙafa 2,500 sama da ƙasa ake buƙata, shi kuwa a 1,670 ya fara. Dalili? Filin Mountain Home ya fi na Nellis, inda suke atisaye, tudu da sama da ƙafa dubu, na'urar kuma daga matakin teku take ƙirga tsayi. Lissafin filin gida ne ya zauna masa a kai. Ya karkatar da jirgin daga 'yan kallo, ya ja igiyar kujerar tsira yana ƙafa 140 daga ƙasa, bai kai daƙiƙa guda ba jirgin ya tarwatse. Lafiyayyen jirgi, ƙwararren matuƙi. Tsayi ne bai cika ba.

Akwai kuma jikin ɗan Adam, wanda bidiyon waya ba ya nunawa. Idan matuƙi ya ja jirgi da ƙarfi, nauyinsa yana ninkuwa sau biyar, bakwai, har tara, jini ya gudo daga kai zuwa ƙafafu. Gani ne ke fara dushewa, sannan suma. Wandon da suke sawa yana kumbura ya matse cinya da ciki, su ma suna ɗaure tsoka da numfashi don su riƙe jinin. Mafi haɗari shi ne a fara da kifewa, jini ya taru a kai, bugun zuciya ya ragu, sai nan take a ja da ƙarfi. Abin da ya kashe Manjo Stephen Del Bagno na Thunderbirds kenan a Nevada, 4 ga Afrilu 2018: daga kife ya ja har nauyi ya haura ninki takwas, ya suma, kafin hankalinsa ya dawo sosai ƙasa ta iso. A ƙafa dubu ashirin, suman daƙiƙa goma labari ne da za a bayar da yamma. A ƙafa dubu biyu, jana'iza ce.

Za ku ce to me ya hana matuƙin Tejas fita da kujerar tsira? Kujerun zamani suna iya tsirar da mutum ko jirgi na tsaye a ƙasa, gaskiya ne. Amma hakan sai jirgin yana daidai kuma ba nutso yake yi ba. In yana gangarowa da gudu ko ya karkata, rokar kujerar ba ta da lokacin da za ta rinjayi saukar, lema kuma tana buƙatar sararin buɗewa. Nan ma tsayi.

Za ku ce ai wannan ne karo na biyu da Tejas ya faɗi. E, na farko a Jaisalmer ta Indiya ne, Maris 2024, matuƙin ya tsira, a samfurin jirgin da ya fara tashi tun Janairun 2001. Sai me? Jirgin yaƙin Tarayyar Sobiyet MiG-29 ya faɗi a baje kolin Paris a 1989 bayan tsuntsu ya shiga injinsa. Su-30 na Rasha ya goga wutsiya a ƙasa a Paris ɗin dai a 1999, matuƙa biyu suka fice, a 2000 Indiya ta sa hannu kan ƙera guda 140 a gida. Airbus A320 ya shiga bishiyoyi a wasan jirage na Habsheim ta Faransa a 1988, ya sauko ƙafa 30 maimakon 100, injina a kwance, kuma injin jet yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya farka. Yau wannan jirgi ya cika filayen duniya. Wanda zai kawo min Gripen, jirgin yaƙin Sweden, da ya faɗi a Stockholm a 1993 ya ce ai can laifin jirgi ne, na yarda, manhajar sarrafa shi ce ta yi gardama da hannun matuƙi. Amma bincike ne ya gano haka, daga bayanan da jirgin ya naɗa, aka gyara, yanzu Brazil da Afirka ta Kudu suna tashi da shi. Rundunar saman Indiya ta kafa kwamitin bincike kan haɗarin Dubai. Su ne za su duba inji, na'urar sarrafawa, tsayi, gudu da lafiyar matuƙi. Bidiyon da aka ɗauka daga nesa ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobi.

Mu da muke dariya, mun manta Katampe? Ranar 28 ga Satumba 2018 jiragen F-7 biyu na rundunar samanmu suka gogi juna a Abuja suna atisayen faretin samun 'yanci, muka rasa Sikwadiron Lida Bello Baba-Ari. Allah ya jiƙansa. Da wani ɗan wata ƙasa ya sa alamar dariya a ranar, yaya za mu ji?

Af, tunda an zo nan, ɗabi'ar nan ta rugawa wurin da jirgin yaƙi ya faɗi da waya a hannu, don Allah a bari. Kujerar da ba ta tashi ba tana ɗauke da roka da abubuwan fashewa. Jikin jirage irin Tejas yawancinsa zaren kabon ne, in ya ƙone ƙurarsa tana shiga huhu. F-16 kuma yana da tankin sinadarin hydrazine na injin gaggawa, guba ce mai ƙona fata da huhu. Ku tsaya nesa, ta ɓangaren da iska ke tahowa, kada wanda ya ɗauki ko ƙusa, domin wurin da kowane guntu ya faɗi yana cikin abin da masu bincike ke aunawa.